Hular ƙarfe guda, miliyar 1 da miliyan 700: cinikin tsofaffin kwalkwali a Turai

 Yau za mu ɗan ajiye zancen farashin gero da albasa da atamfa, mu leƙa wata kasuwa wadda ba ta da rumfa ko guda a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, amma duk wanda ya taɓa zama gaban haja zai gane yadda take tafiya. Kasuwar tsofaffin kwalkwali ce, wato hulunan yaƙi na tagulla da mayaƙan ƙasar Girka da na daular Rum suka riƙa sawa shekara 2000 ko fiye da suka wuce, waɗanda yanzu attajiran Turai da Amurka ke rububin saye suna jerawa cikin ɗakunansu.

Irin wannan hula in an aza ta bisa sikeli da wuya ta wuce kilo 2. Da a ce yaron nan mai tura amalanke yana sayen tsohon ƙarfe za a kai wa, ƴan jikkuna zai miƙo, ya ce a yi haƙuri ta yi tsatsa. To amma a can ita kanta tsatsar kuɗi ce, kuma akwai abin da ya fi tsatsar tsada wanda ba ya hawa sikeli sam. Shi ne muke so mu bi da ku sannu a hankali.

Mintoci kaɗan a Landan

Cikin watan Mayu na 2010, wani saurayi a arewacin Ingila yana yawo da na'urar neman ƙarfe cikin ƙasa, irin wadda samarinmu suka riƙa ɗauka zuwa Jado lokacin da zinariya ta ɓulla a 2014. A wata makiyaya kusa da ƙauyen Crosby Garrett na'urar ta yi kuka. Da ya tona sai ya tarar da gutsattsarin tagulla har guda 67, manya da ƙanana, kuma a cikinsu akwai fuskar mutum sukutum: saurayi mai nannaɗaɗɗen gashi, da ramukan ido. Sauran gutsattsarin na hula ne mai lanƙwasasshen tsini, a samanta an kafa wata dabba mai fukafukai, kanta na gaggafa, jikinta na zaki.

Masana suka ce kwalkwalin barden Rum ne, na ƙarshen ƙarni na 2 ko farkon ƙarni na 3 na miladiyya, zamanin da Rumawa ke mulkin wannan yanki. Suka ƙara da cewa ba don fagen fama aka ƙera shi ba. Na ranar ado ne, ranar da mahaya ke fitowa wasan dawaki suna nuna bajinta gaban manya, kusan dai abin da muke gani a hawan salla. Lokacin da yake sabo fuskar fara ce fat don an shafe ta da kuza, hular kuwa ruwan zinariya. Ku kwatanta mahayi ya taso a sukwane da wannan fuska cikin rana.

Wanda ya tsinta bai kai shi gidan tarihi ba, gidan gwanjo ya kai shi, wato Christie's na birnin Landan, gidan da ke wannan sana'a tun 1766. Gwanjon nasu ba na tsofaffin tufafi ba ne, wuri ne da ake baje haja guda, masu so su yi ta tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Aka kira gwanin gyara ya shafe wajen awa 240 yana haɗa gutsattsarin har kwalkwalin ya tsaya da kansa. Gidan ya yi ƙiyasin zai yi fam dubu 200 zuwa dubu 300.

Mutanen yankin ba su so ya bar ƙasarsu ba. Gidan tarihi na Tullie House da ke garin Carlisle ya shiga neman gudummawa, talakawa suka yi karo-karo, wani asusun kula da kayan tarihi na ƙasar ya yi alkawarin fam miliyan 1. Ran 7 ga Oktoba na 2010 aka buɗe ciniki. Wakilin gidan tarihin ya yi ta bi har fam miliyan 1 da dubu 700, nan aljihunsa ya ƙare. Wani da ke tayi ta wayar tarho, wanda ba a faɗi sunansa ba, ya kai fam miliyan 2, aka buga guduma. Da aka haɗa da la'adar gidan gwanjo, abin da ya biya ya kama fam miliyan 2 da dubu 281 da 250, wato a canjin wancan lokaci kimanin miliyar 1 da miliyan 700 na kuɗin sefa. Dillalai da dillaliyoyi su lura: la'adar kaɗai ta haura miliyan 200 na sefa, kuma cinikin duka ƴan mintoci ya ɗauka. Mai tsintuwa da mai gona suka raba kuɗin tsakaninsu.

Babu wanda ya taka doka a wannan ciniki, kuma shi ne abin da ya fi ba mutanen Carlisle haushi. Dokar Ingila ta 1996 ta ce in an tsinci tsohon abu na zinariya ko azurfa dole a fara ba gidajen tarihi damar saye. To wannan na tagulla ne, kuma guda ɗaya tak, sai ya kuɓuce ta wannan kafa. Sai a 2023 aka gyara dokar, aka ce ko abu ba na zinariya ba ne, in yana da babban muhimmanci ga tarihin ƙasa ya shiga ciki. Masana kuma sun yi gunagunin an yi hanzarin gyara shi don kasuwa kafin su gama nazarinsa yadda ya fito daga ƙasa. Mai shi dai ya yi kirki ya ba da aronsa wasu lokuta, an baje shi a Carlisle a 2013 da 2017 jama'a suka yi layi suka kalla, sannan ya koma inda ya fito.

Aikin maƙeri ne kafin ya zama kayan ado

Wanda masu tara irin waɗannan kaya suka fi ƙauna shi ne kwalkwalin Girka da ake wa laƙabi da na Korint, sunan wani tsohon birnin kasuwanci na ƙasar. An yi yayinsa daga wajen shekara 700 zuwa 450 kafin miladiyya. Yana rufe kai duka da kumatu da ƙeya, sai ramukan ido biyu, da wani ɗan harshe da ya sauko ya kare hanci, da tsaga siririya wajen baki. Tagulla ce, wato jan ƙarfe da aka garwaya da kuza kaɗan don ya yi tauri.

Abin mamakinsa, mafi kyawunsu daga falle ɗaya aka fitar da su. Maƙeri zai ɗauki fallen tagulla ya yi ta bugu da guduma, in ya ƙage ya mai da shi wuta ya yi laushi, ya sake bugu, har ƙoƙon kai ya fito ba tare da haɗi ko ɗinki ba. Ya bar goshi da hanci da kauri don nan sara ke sauka, ya sirantar da baya don kada nauyi ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ake fitar da tasa daga falle ya san wannan ba aikin koyo ba ne. A ciki ana sa shafi na fata ko na ulu, a sama kuma tukku na gashin doki. Aibinsa ɗaya, wanda ya sa shi ba ya ji sosai kuma zafi na damunsa, shi ya sa in ba a cikin yaƙi ba sai ya tura shi sama bisa goshi, kamar yadda ake gani a gumakansu.

Yaya aka yi suka kai zamaninmu, alhali tagulla abu ce da ake narkarwa a sake ƙerawa? Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka ɓace wa maƙera. Wasu an bizne su tare da masu su. Wasu sun faɗa kogi ko teku, kamar na Rumawan da masu ninƙaya ke tsamowa kusa da tsibirin Sisili, inda aka yi wani yaƙin jiragen ruwa a shekara ta 241 kafin miladiyya. Wasu kuma ganima ce da waɗanda suka ci yaƙi suka kai wuraren bautarsu suka kafe da ƙusa, in wuri ya cika a kwashe a zuba cikin tsofaffin rijiyoyi a rufe. Ta haka aka tono ɗaruruwa a Olimpiya, garin da wasannin Olimpik suka samo suna. Cikinsu akwai guda da samansa ya cinye, amma a gefensa an rubuta sunan Miltiyades, kuma ana ɗaukar cewa shi ne jarumin da ya jagoranci mutanen Atina a yaƙin Maraton a shekara ta 490 kafin miladiyya. Da ba don wannan ɗan rubutu ba, ragargajajjen ƙarfe ne kamar sauran. Yana gidan tarihin Olimpiya, ba na sayarwa ba ne.

Abu uku da mai saye ke dubawa

Talakan kwalkwali a gidajen gwanjo na Landan da Niyok da Munik yakan tashi a dubban gomomin yuro, mai kyau sosai ya shiga ɗaruruwan dubbai. Abin da ke raba farashin bai wuce uku ba.

Na farko tsatsa. Tagullar da ta daɗe cikin ƙasa takan yi wata fata kore ko ruwan ƙasa, a ƙarƙashinta kuma akwai wata ja da ta ci cikin ƙarfen kansa. Ɗaruruwan shekaru ke gina ta, kuma ita ce shaidar tsufa. Nan ne za mu ja kunnen iyayenmu mata. Mun san ku da toka da lemun tsami, ba ku ganin tasa ko munduwa ta dushe ku ƙyale ta. A kasuwar kayan aure ƙyalli shi ne ciniki, a waccan kasuwa kuwa wadda ta goge tsohuwar tagulla har ta yi walƙiya ta kankare rabin kuɗin da hannunta. Akwai dai wata tsatsa da ake tsoro, gari-gari ce mai launin kore fari-fari, gishirin ƙasa da laima ke kawo ta, tana cin ƙarfe har ta huda shi. Ita masu gyara ke yaƙa.

Na biyu, nawa ne na asali nawa ne ciko. Da yawa daga cikin kwalkwalin da ake gani sumul a hoto, rabinsu ƙaro ne da fenti, wani lokaci ma gutsattsarin huluna biyu ko uku ne aka haɗa aka yi guda. Shi ya sa mai saye da ya san abin da yake yi sai ya sa an ɗauki hoton ƙarfen da na'urar asibiti mai ganin ƙashi, ciko ya bayyana. Jabu kuwa ba a magana. Akwai masu ƙera sabo su jiƙa shi da ruwan batir ko wani magani, su bizne shi ƴan watanni, ya fito kore shar kamar ya shekara dubu. Ana kama su ta hanyoyi da dama: tsatsar jabu bisa fata kawai take, ba ta ci ciki ba, kaurin ƙarfen daidai yake ko'ina don inji ya murza shi, ko kuma a gwada ƙarfen a tarar da sinadarin zinki mai yawa cikin abin da aka ce na tsohuwar Girka ne, alhali sai zamanin Rumawa irin wannan gauraye ya yaɗu. Har rubutun ƙarya ake sassaƙawa a jikin na gaskiya don farashi ya hau.

Na uku shi ne wanda muka ce ba ya hawa sikeli: takardar asali. Daga ina abin ya fito, hannun wa da wa ya bi, yaushe ya bar ƙasarsu, da izinin wa? A 1970 hukumar UNESCO ta tsai da yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya, kuma ƙasarmu Nijar na cikin na farkon da suka amince da ita, a 1972. Tun daga nan shekarar 1970 ta zama kamar shinge a wannan kasuwa. Kwalkwalin da ke da tsohon rasit ko hoto da ya nuna yana hannun wani kafin 1970, manyan gidajen tarihi na iya sayensa, farashinsa sai ya ninka. Wanda ba shi da komai sai faɗar dillali, kasada ce, domin a Girka da Italiya doka ta daɗe da cewa abin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne. A takardun gwanjo za ku ga an rubuta wai daga tarin wani mutum a Suwis, ba suna ba shekara. Wannan daidai yake da mai kawo maka babur da dare ya ce na wani Alhaji ne da ya yi tafiya, takardu na nan zuwa.

Wanda ya fi kowa ɗanɗana wannan shi ne wani hamshaƙin attajiri na Niyok, Michael Steinhardt. A watan Disamba na 2021 masu gabatar da ƙara na birnin suka sa ya miƙa kayan tarihi iri-iri guda 180, waɗanda aka ƙiyasta a dala miliyan 70 (dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba), bayan bincike ya nuna satowa aka yi daga ƙasashe daban-daban. Aka kuma hana shi sake sayen irin waɗannan kaya har ƙarshen ransa.

Huluna 18 na wani tsauni a Sipaniya

Labarin da ya fi nuna yadda kayan haƙa ke tafiya daga rami zuwa falo ya faru ne a ƙasar Sipaniya. Kusa da wani ƙauye mai suna Aranda de Moncayo, cikin lardin Saragosa, akwai kufan wani gari da ake kira Aratis, wanda Rumawa suka rushe shekaru 70 da ɗoriya kafin miladiyya. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 wani mutumin yankin ya riƙa hawa tsaunin da na'urarsa yana tono. Cikin abin da ya fito daga wurin akwai kwalkwali na tagulla aƙalla 18, na wani salo da masana ba su san shi sosai ba a lokacin. Aka fitar da su daga ƙasar a ɓoye, aka gyaggyara su, da yawansu suka faɗa hannun Axel Guttmann, wani attajirin Balin da ya tara makaman dauri fiye da kusan kowa a zamaninsa.

Guttmann ya rasu a 2001, magada suka fara sayar da tarin a gidajen gwanjo na Landan da Munik. To kun ga yadda wanki ke faruwa: hular da ta fito daga rami da dare yanzu ta samu suna, ana rubuta cewa daga tarin Guttmann take, mai saye ya ji hankalinsa ya kwanta. Wani masani na gidan tarihin garin Mainz a Jamus ya yi ta kai ƙara cewa kayan sata ne, amma aka yi ta jan ƙafa, gwanjo ya ci gaba.

Sai a 2013 jandarmomin Sipaniya suka dira gidan mai tonon, suka tarar da tsofaffin kaya sama da 4000. Aka kama wani na biyu. A 2018 kotun Saragosa ta yanke wa ɗaya shekara 6, ɗaya shekara 3, daga baya kotun ƙoli ta rage musu.

Cikin waɗanda suka sayi hulunan a fili, da rasit da komai, akwai wani ɗan kasuwar Ingila, Christian Levett, wanda ya yi arzikinsa a cinikin hajoji a kasuwannin duniya, ya buɗe gidan tarihi nasa na kansa a garin Mougins a kudancin Faransa a 2011. Da ya tabbata daga inda kayan suka fito, sai ya ce ba ya riƙe su. A watan Disamba na 2019, a hedkwatar UNESCO da ke Paris, ya miƙa wa Sipaniya guda 7 kyauta, aka kai su gidan tarihin Saragosa. Ya yi abin yabo, amma a lissafin kasuwa uwar kuɗinsa ta tafi. Shi ya saya da kuɗinsa, masu tono aka yanke musu hukuncin ɗauri, waɗanda suka ci riba tsakani kuwa ba mu ji an taɓa su ba.

Akwai kuma asarar da ba mai iya biya. Masana sun so su san ko hulunan nan a kabari suke, ko a wurin bauta, ko an jibge su ne wuri guda bayan yaƙi, da me da me ke kusa da su. Wanda ya tona da dare ba ya rubuta komai, ramin kuma ya rushe. Ko an maido hula, wannan bayani ya tafi.

Mu ɗan ratse da wani labari mai daɗi kafin mu dawo gida. A wasannin Olimpik na Balin a 1936, wani ɗan Koriya mai suna Sohn Kee-chung ya ci tseren gudun dogon zango, amma da tutar Japan a ƙirjinsa domin ƙasarsa na ƙarƙashin mulkin mallakarta. Wata jaridar Girka ta ba da wani kwalkwalin Korint da aka tono a Olimpiya a 1875 a matsayin kyauta ga wanda ya yi na ɗaya. Masu shirya wasan suka ce doka ta hana ɗan wasa karɓar kyauta mai tsada, aka ajiye hular a gidan tarihi na Balin. Sai a 1986, bayan shekara 50, aka damƙa masa abinsa yana tsoho. Da ya so da ya kai ta gwanjo. A 1994 ya ba gidan tarihin ƙasarsa ita, tana birnin Seul.

To mu ina ruwanmu?

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki magirbi ya nufi daji. Babu kwalkwalin Girka ko na Rum a ƙarƙashin gonakinmu, kuma duk wanda ya zo muku da hula kore shar ya ce a Ayar ko a Kawar aka tono ta, kuɗinku yake so. Namu kwalkwalin daban ne: na ƴan lifida, mai cushe da tsumma da auduga, da ƙarfe a sama da gashin jimina, wanda barade suka sa tare da sulke a zamanin su Sarkin Damagaram Tanimun da ya rasu a 1884. Shekarunsa ɗaruruwa ne, ba dubbai ba, kuma har yanzu wasu na fitowa ranar hawa.

Amma ita sana'ar ba baƙuwarmu ba ce. Fataken Hausawa sun daɗe cikin cinikin kayan gargajiya daga Yamai zuwa Lome da Abijan har Paris, har wani Ba'amurke mai bincike, Christopher Steiner, ya rubuta littafi a 1994 a kan ƴan wannan kasuwa na Abijan, inda Hausawa ke da yawa. Mafi yawansu halaliyarsu suke nema, suna sayar da sassaƙa da ƙira na yau. Sai dai mu ma muna da namu Aratis ɗin. A 1975 aka gano maƙabartar Bura, wajen Tera, mai cike da tuluna da kawunan mutane da mahaya dawaki na yumɓu. Masanin ƙasarmu Bube Gado ya yi haƙa ta ilimi a wurin a 1983. Bayan da aka baje wasu daga cikin kayan a Paris a 1993, Turawa masu tara kaya suka gani suka so, dillalai suka bazu ƙauyuka, manoma da talauci ya matsa suka shiga tono ba dare ba rana. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Wanda ya tona ya samu na cefane, wanda ya sayar a Turai ya samu na gina gida, ƙauyen kuma aka bar shi da ramuka.

Muna da doka a kan haka, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni na 1997. Ta hana haƙar wuraren tarihi ba da izinin hukuma ba, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da takarda ba, kuma wanda ya ci karo da wani abu yana noma ko gini, hukuma ya kamata ya sanar. Ɗan kasuwar da aka ba saƙon ƙunshi ya kai Kwatano ko Lome, in duwan suka kwance suka tarar da irin waɗannan kaya, shi za a riƙe, ba wanda ya ba shi saƙon ba.

Sai kuma abin da ke cikin ɗakunanmu. Gidaje da yawa a Birni na Damagaram, da Tibiri, da Tasawa, da Ƙonni, akwai tsohon kwalkwali ko sulke ko takobi ko likkafa da aka gada, yana rataye ko yana ƙasan adaka. Sau da yawa tsohuwar gida ce kaɗai ta san na wane ne, wane yaƙi ya je, wane sarki ya ba da shi. Mun ga a sama yadda suna guda a gefen ragargajajjen ƙarfe ya bambanta shi da ɗaruruwan ƴan uwansa. Shawararmu, tun tana da rai a zaunar da ɗan makaranta ya rubuta abin da ta faɗa, da sunaye da garuruwa, a ɗauki hoton kayan da salula, a ajiye takardar tare da su. Kada a goge, kada a shafa mai, a nisanta su da laima. In matsi ya zo har ana tunanin sayarwa, kafin a saurari tayin dillalin da ya biyo gida, a fara nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda ke nan tun 1959, ko ofishin kula da al'adu na jiha, su faɗi ko mene ne, da kuma ko doka ta yarda ya ƙetare iyaka.